Lakar Teku da Kifin Hajiya Rabi

A wani taron suna da aka yi a Sevran, kusa da Paris, Fati, 'yar ƙanwata da aka haifa a can, ta jawo ni gaban abokan karatunta ta ce in ba su labarin aikina. Ban kai ga buɗe baki ba ta riga ni. "Tonton Isuhu," in ji ta, "aikinku ai fasil ne, ba wuya. Ku zuba laka cikin mashin, ku danna buto, ku tafi shan kafe." Yaran suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don kafen kam muna sha. Amma maganar ta bi ni cikin jirgin ƙasa har Lyon. Shi ya sa na zauna in rubuta mata amsa, ita da duk mai tunanin inji ne ke yin aikin.

Ni mutumin Damagaram ne. Kafin in zo Faransa karatu, babban ruwan da na sani shi ne tafkin bayan unguwarmu, wanda ke ƙafewa kafin bazara ta yi nisa. Sai ga shi Allah ya ajiye abincina a ƙasan teku. Bayan manyan yaƙe-yaƙen Turawa, makaman da suka rage, bama-bamai da harsasan igwa, har da masu iskar guba, an loda su a jirage an zubar cikin ruwa, wasu ma ba nisa da gaɓa. Daga baya ƙasashe da dama suka riƙa cika gangunan ƙarfe da sharar nukiliya, su liƙe da siminti ko kwalta, su kai can tsakiyar Atlantika inda zurfi ya kai kilomitoci, su tura. An daina wannan tuni, amma gangunan suna nan kwance, tsatsa tana cin su a hankali. Sharar tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Kaɗansa muna rayuwa da shi kullum, mai yawansa yana cutarwa. Aikinmu shi ne mu gano me ke fitowa, nawa ne, kuma ko zai iso cikin kwanon mutum. Akwai shekarar da gidan abincin wata baiwar Allah ya kusa rufewa a kan wannan tambayar, amma sai na fara nuna muku kayan aiki kafin ku gane yadda aka yi.

Na koyi sana'ar a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, da ke kudancin Paris, a hannun wata gajeriyar dattijuwa, Madam Odil, 'yar masunta ce daga bakin teku. Ina kwana a Sevran, in shiga jirgin ƙasa in ratsa birnin gaba ɗaya, in iso da takardun digirina a jaka, ita kuma ta nuna mini famfo. Watannin farko ban taɓa laka ba. Robobin awo nake wankewa, in ɗauraye da ruwan da aka tace, in shanya, ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken taga ta mai do mini. Da ta ga na iya wanki sai ta ƙara mini girma, ta miƙo mini turmi da taɓarya. Ƙanana ne, na farin dutse, amma dai turmi ne. Lakar da aka busar sai an daka ta ta yi laushi, a tankaɗe da rariya, kafin a auna. Ni da na fito daga gidan da namiji ba ya ko tsallake taɓarya. Da na faɗa wa mahaifiyata a waya, sai ta ce, "To, in daka ce, ai da ka zauna gida mun koya maka kyauta."

Babban kayan aikin shi ne wanda muke ce wa shato. Wata ƙatuwar tukunya ce ta darma, tsawonta ya kai ƙirjin mutum, murfinta sai an tura da hannu biyu. A cikinta akwai wani dutse mai tsananin tsabta da ke jin tururin nan, kuma ba ya aiki sai cikin sanyi, don haka ake shayar da shi ruwan azot, ruwan da sanyinsa ke ƙona fata. Wanda ya manta bai cika masa ba ranar Juma'a, ranar Litinin zai tarar ya ɗau zafi ya yi yaji, sai an yi kwanaki ana lallashi. Amfanin darmar shi ne ta tare tururin duniya, na bango da na ƙasa da na sararin sama, don a ji na abin da aka sa a ciki kaɗai. Kamar mai son jin kukan sauro ne a tsakiyar kasuwa, dole ya fara rufe ƙofa. Abin da dutsen ya ji yana fitowa a allon kwamfuta kamar jerin tuddai, kowane sinadari da wurin da tudunsa ke tsayawa. Biyu kawai nake so ku riƙe. Akwai potasiyom, wanda Allah ya halitta cikin ƙasa, yana cikin ayaba da wake da jikin kowane ɗan Adam, tudunsa kullum yana nan. Akwai kuma seziyom, wanda hannun mutum ne ya yi shi, shi muke farauta.

Ranar da Madam Odil ta fara barina in taɓa shato, robar wofi ta ba ni. Na ce ai babu komai a ciki. Ta ce in sa, in rufe, in dawo jibi. Da na dawo, ga tuddai ƙanana a allo. "Ka gani?" ta ce. "Wofi ma yana magana. In ba ka san muryar wofi ba, za ka ɗora wa laka laifin da ba nata ba." Daga ranar na koyi cewa ba a auna abu shi kaɗai. Duk abin da ka sa a shato, sai ka sa wani abin da ka sani a gefensa don kwatance. Kuma ba ta taɓa yarda a rubuta kalmar babu ba. Sai dai a ce bai kai abin da injinmu ke iya ji ba. Na yi ta gardama da ita a kan wannan, ina ganin taurin kai ne irin na tsofaffi. Yanzu ni ne tsohon da masu sitaj, wato ɗalibai masu koyon aiki, ke gunaguni a kansa.

Tafiyata ta farko a teku, na shirya mata a Barbès. Na bi rumfunan ƙarƙashin gadar metro na sayi wata riga mai kauri da mai sayarwa ya rantse mini ruwa ba ya ratsa ta. Igiyar ruwa ta farko da ta faɗo kan jirgi ta nuna mini cewa ruwa yana shiga, fita ce ba ya yi. Kwanakin farko ban ga teku ba, bokiti na gani. Alƙibla kuwa sai na daidaita ta, kafin in yi ruku'u jirgi ya juya ni wajen Amirka, har na haƙura na riƙa salla a zaune. Da cikina ya kwanta aka sa ni wurin bututun ɗebo laka. Dogon bututu ne mai nauyi a kai, ana sauke shi da igiyar ƙarfe, a yi awoyi ana jira ya taɓa ƙasa ya dawo. In ya hau, lakar tana tsaye a ciki yadda shekaru suka jera ta, ta bana a sama, ta zamanin kakanni a ƙasa. Sai a turo ta sannu a riƙa yankawa fale-fale, kowane yanki da wuƙarsa mai tsabta da robarsa da lambarsa, jirgi yana rawa, yatsu sun ƙage don sanyi. Wanda ya juya bututun ƙasa a sama, ko ya musanya murfi biyu, ya zubar da aikin mutane da yawa. Babu buto ko ɗaya a wurin.

Wani aiki da ba na mantawa, a wata ƙaramar tashar masunta ne da ake son yashe ƙasanta don manyan jirage su shigo. Kafin a taɓa lakar irin wannan wuri sai an san abin da ke kwance a ciki. Muna ɗebo samfur, wani tsohon masunci ya kira mu mu sha kafe a rumfarsa. Ina shiga na ga abin da ya tokare ƙofa da shi, wani dunƙule mai tsatsa da kifin kwasfa ya lulluɓe. Ya ce tarunsa ne ya kamo shi tun yana saurayi. Madam Odil ta ajiye kofinta a hankali, ta kama hannun tsohon kamar mai neman ya raka ta, muka fita, sannan ta kira masu kwance bam. Harsashin igwa ne, da ransa. Mu ba ma taɓa irin wannan, aikin wasu ne. Tsohon bai damu da ransa ba, abin da ya yi ta tambaya shi ne wa zai ba shi wani abin tokare ƙofa.

A wannan tashar ce kuma wani sabon ma'aikaci ya ga tudu a allo, bai sake awo ba, ya je gidan shan kafe ya faɗa. Kafin yamma gari ya ɗauka, masu sayar da kifin kwasfa suka yi mako suna kallon kayansu. Da aka sake aunawa, robar ce ba ta wanku ba. Madam Odil ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa sakamako na mai kaya ne, shi ke fara ji, a zaune, kafin kowa. Sannan ta nuna masa famfo.

Bayan ta yi ritaya na samu aiki a Lyon, a wani labo da ba ya ko jin ƙanshin teku. Laka da kifi suna zuwa mana a daskare cikin akwatunan sanyi, daga hukumomin tashoshi, da ƙungiyoyin masunta, da kamfanonin da ke son shimfiɗa waya a ƙasan ruwa. Duk wani ɗan Nijar da ya sauka Lyon, unguwar La Guillotière yake fara tambaya, ni ma haka na yi. A can na san Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi, mai wani ɗan gidan abinci da teburansa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Tana yin dambu da shinkafa, amma sunanta a kan soyayyen kifin makaro ya fito, wanda take tsagawa ta cusa masa yaji har cikin ƙashi. Ɗalibai da yawa a wurinta suka yi ƙiba. A tsallaken layin taram, jirgin ƙasan cikin gari, kuma akwai kantin Alhaji Nuhu, mutumin Tawa, mai gero da wake da kuka, amma babban cinikinsa dabino ne, musamman in azumi ya gabato. Mutumin kirki ne, sai dai duk saƙon da ya shigo wayarsa ba ya kwana sai ya tura shi gaba.

Mummunar shekarar ta fara ne da wani shiri da aka nuna a tele kan gangunan nan na Atlantika. Shirin ba laifi, gaskiya suka faɗa. Amma bayan kwanaki sai ga wani saƙon murya da Hausa yana yawo a zauren wayar 'yan Nijar mazauna Lyon. Wani ne da ban san muryarsa ba yake cewa duk kifin teku ya ɗauki guba, kuma wai wani ɗan uwanmu da ke aiki a labo ya tabbatar. Ɗan uwa ɗaya ne ke wannan aikin a Lyon, wato ni, kuma ban taɓa ce wa kowa kifi ya ɗauki guba ba. Alhaji Nuhu ne ya turo shi zauren, ya ɗora nasa a kai, ya ce jama'a su yi hattara, shi dai ya bar kifin teku. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna na rubuta doguwar amsa, na yi bayanin zurfi da nisa, na ce makaro a saman ruwa yake yawo, na ce ana auna kifin kasuwa a kai a kai. Mutum biyu suka sa mini alamar babban yatsa, ina jin su ma ba su karanta ba.

Wata Asabar da rana na shiga wurin Hajiya, na tarar ni kaɗai ne. Man suya ko ɗumi bai yi ba. Muka gaisa, ta tambayi iyali da aiki da sanyi, na tambayi nata, sannan ta jawo kujera ta zauna a gabana, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Malam Isuhu, mi ac cikin kihina?"

Na ce ban auna ba, amma ban yi zaton akwai abin tsoro ba.

"Zato ba ya cika tebur," ta ce. "Yaran da na ciyar sunka koma cin kebab. Mai gidan nan yana jiran amsata bayan Salla, ko in sabunta haya ko in ba shi makulli. In azumi ya wuce haka, makulli zan ba shi. Da wanga kasko na yi wa 'ya'yana karatu. Ka auna mini, ka hito gaban mutane ka ce babu komi."

Na ce awon zan nema mata, amma kalmar babu ba ta cikin kayan aikina. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan Damagaram in ya fara fi'ili, ta tashi ta buɗe firigo, injin sanyin da take ajiye kifi.

Shugaban labonmu ya yarda a yi awon a matsayin darasi ga masu sitaj, da sharaɗin ba takardar hukuma ba ce. Na ɗebo kifi daga kwalaye daban-daban na firigon Hajiya, da hannuna. Aka cire tsoka, aka auna nauyi, aka busar, aka ƙona ta zama toka, domin a tara abin da ke cikin kifi mai yawa a roba ɗaya. Warin ya bi baranda har ofis, abokan aiki suka yi ta tambayata ko shinkafa na tafe. Saura abin kwatance. A darasi irin wannan akan sa wani abincin yau da kullum a gefe. A hanyata ta zuwa taram kantin Alhaji ne a gabana, sai na shiga na sayi dabino, ba da wata manufa ba. Har gyara ya yi mini, ya kuma ja ni gefe ya ce in rage cin kifi, an ce wani ɗan labo ya tabbatar. Na ce masa na ji labari.

Kowane samfur ya yi kwanakinsa a shato, na kuma sake awon don kada in zama sabon ma'aikacin nan na tasha. A kifin akwai ɗan ɓurɓushin seziyom, irin wanda ake samu a kusan kowane kifin teku tun zamanin da ake gwajin bam a sararin sama, ƙanƙani ƙwarai, nesa da iyakar da aka yarda a ci. Tudun da ya fi girma na potasiyom ne, na halitta. Da aka mai da lissafi kan kilo ɗaya yadda ake ci, sai tudun dabinon Alhaji ya fi na kifin Hajiya tsawo. Ba abin mamaki ba ne ga mai sana'ar, dabino da wake haka suke, kuma ba ya cutar da kowa. Amma na tsaya ina kallon allon ina murmushi, don na san abin da wannan hoto zai yi in ya shiga zaure, ana saura kwanaki a ga wata.

Mai kaya ke fara ji, don haka na kai wa Hajiya. Na shimfiɗa hotunan biyu a tebur na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce, "Wato akwai." Na ce akwai ɗan abin da ba zai yi wa kowa komai ba, ko da kullum yake ci. Ta ce in na faɗi haka a gaban mutane, kalmar akwai kaɗai za su ɗauka su tafi da ita. Na san gaskiyarta. Sai na nuna mata hoto na biyu, na ce wannan dabinon Alhaji ne, kuma ya fi kifinta. In an sa su gefe da gefe a zaure, kowa zai ga abin da yake buɗa baki da shi kullum ya fi kifin yawan tururi, kuma bai mutu ba. Hanyar da na gani ke nan, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin haushin mutumin.

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta kife shi.

"Kai ka san inji, amma bari in tuna maka mutanenmu. Ba za su ce duka lahiya lau ba. Za su ce dabino ya hi kihi guba. Su bar kihi, su bar dabino. Ya cika ɗakin bayansa da kwalaye saboda azumi, na gani da idona." Ta turo mini takardar. "Na san yadda ake zama ana kallon ƙohwa babu mai shigowa. Kada kowa shi ji wanga."

Na ce to gidan fa? Ta ce Allah yana nan, ta tambaye ni ko zan ci abinci. Na ci, amma ban ji daɗinsa ba, tausayinta ya cika mini ciki.

A taram na yi ta juya maganar. Ta hana a watsa, na kuma yi alkawari. Amma dabinon yana da mai shi, kuma ƙa'idar da na tashi a kanta ta ce mai kaya yana da haƙƙin ji, a zaune. Washegari bayan la'asar na shiga kantin Alhaji na ce ina son magana a ciki. Muka zauna a kan buhunan gero, kwalayen dabino sun kai rufi ta kowane gefe. Na fara faɗa masa cewa ni ne ɗan labon da ake faɗi, kuma ban taɓa cewa komai ba. Sannan na nuna masa hotunan. Da ya gane wane tudu ne nasa, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Malam, guba nike saida wa Musulmi?"

Na ce ko kaɗan. Na ce abin da ke cikin dabinon yana cikin jikinsa da nawa da na limamin unguwa, haka Allah ya halicce mu, kuma da zai shige shato da shi ma ya yi tudu. Na ce dabinonsa lafiya lau, kifin Hajiya ma lafiya lau, awo ɗaya ne ya wanke su duka. Ya yi ajiyar zuciya, amma idonsa bai bar takardar ba, ɗan kasuwa ne, ya riga ya hango abin da na hango.

"Wa ya ga wanga?"

"Ni da Hajiya Rabi."

"Mi ta ce?"

"Na ce mata a sa a zaure. Ta ce kada kowa ya ji, saboda ka cika ɗaki da kaya."

Ya ɗauki hular ya juya ta a hannu, ya mai da ta kai, ya tashi ya koma wurin masu saye. Na fito ina tunanin na yi aikin banza.

Ranar farko ta azumi na tafi wurin Hajiya tun kafin rana ta faɗi, don kada ta sha ruwa ita kaɗai. Ta soya kifi kaɗan, na mutum uku ko huɗu. Ana gab da kiran salla aka turo ƙofa. Alhaji Nuhu ne da kwalin dabino a kafaɗa, a bayansa dattawan masallaci sun yi layi har bakin titi, wasu da alama ba su san inda ya jawo su ba. Ya dire kwalin, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo yana kallon ƙasa, ya zaɓi teburin bakin taga inda duk mai wucewa zai gan shi. Ya ce a kawo makaro, babba, da kansa. Aka sha ruwa, aka yi salla, Hajiya ta koma kan kasko, ni na zama mai ɗaukar faranti. Da na Alhaji ya iso, ya ciro waya ya kara a baki.

"Salamu alaikum jama'a, Alhaji Nuhu ne. Ina wurin Hajiya Rabi. Ku saurara." Ya gatsa kan kifin, ƙarar ta cika ɗakin. "Wanga da kunka ji, kan kihi ne. Wancan bokal ɗin, saƙon muryar nan, ni na turo shi ban bincika ba. An auna kihin, lahiya lau. Ku taho, amma ku yi sauri, mu munka riga ku."

Amsata mai sakin layi da yawa ba ta jawo mutum ko ɗaya ba, taunar Alhaji kuwa kafin ƙarshen mako ta dawo da ɗalibai suna jiran kujera a tsaye. Bayan Salla Hajiya ta sabunta hayar gidan. Maganar dabino ba ta fita ba sai bayan shekaru, kuma daga bakin Alhajin ta fita, shi ke ba da labarin yanzu yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na samu damar rubutawa. Gangunan kuma suna nan a ƙasan Atlantika, ana ci gaba da zuwa duba su, kuma za a buƙaci masu haƙurin wanke roba bayan mun tafi. Fati, in kina so, famfo yana nan.

A wannan yammacin, da mutane suka ragu, Hajiya ta kawo nawa farantin da kanta. Ta zuba mini yaji fiye da kima, ta sunkuyo ta rage murya.

"To, yanzu dai ka ce babu."

Na ce, "Hajiya, ba zan ce ba."

Ta girgiza kai, ta ɗauko dabino ɗaya daga kwalin Alhaji ta ajiye a gefen kifin.

"Ga abin kwatance," ta ce. "Ci."